Katuna Arba'in Daga Bayan Kekun Waje

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. A wurin aiki, a gidan suna, har a kasuwa wurin mai kayan miya: "Sa'adatu, yaya ƙasar Turawa? Da gaske ne ruwa na daskarewa a famfo?" Nakan ce lafiya lau, akwai dai sanyi, in yi dariya in wuce. Ƙawata Luba ce ta gaji da wannan amsar, ta ce wata uku cur ba zai ƙare a "akwai sanyi" ba. To, ga shi na zauna na rubuta. Wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a wani asibiti a Gusau. A shekarar 1998 aka ɗora ni kan wani bincike game da ciwon sikila, aka ba ni ma'aikata huɗu. Aikinmu mu shiga garuruwa, mu nemi yardar mutane, mu soki yatsa, mu ɗiga jini a kan wani ɗan kati mai tsotsewa, in ya bushe mu rubuta lamba da suna da shekaru. Za a kai katunan wani ɗakin bincike a Ingila, inda suke da injin da ke karanta rubutun halitta da ke cikin jini, wato abin da ɗa ke gada daga uwa da uba. Ni aka ce in raka su, in zauna wata uku, in koyi yadda ake kula da ma'aikata da ingancin aiki a irin wannan wuri.

Babba a cikin ma'aikatan nan huɗu shi ne Malam Sahabi, mutumin Mada. Shi ya koya mini riƙe allura lokacin da na fara aiki, ya kusa ritaya, ni kuma takardar makaranta ta ɗora ni a kansa. Shi na tura wani ƙauye da ke bayan Kekun Waje, na ce kati arba'in nake so kafin Juma'a. Ranar Juma'a ya kawo arba'in cif. Na haɗa su da na Tsafe da na cikin Gusau, na jera a cikin gwangwanin biskit, na manne murfin.

Ana gobe zan tafi na kai yarana biyu Bungudu wurin Innata. Ƙaramar ba ta cika shekara uku ba. Inna ta ba ni kuka da daddawa da yaji, ta ce, "Ban san mi suka ci can ba, amma na san ba su da wanga." Da safe maigidana ya kai ni tasha, ya tsaya har motar ta cika.

A Tsafe aka fara. 'Yan sanda suka tsayar da mu, ɗaya ya leƙo ya ga gwangwani a cinyata na rungume shi da hannu biyu. Ya ce in buɗe. Na buɗe. Ya ɗauki kati ɗaya ya juya shi.

"Hajiya, mene ne wannan?"

"Jini ne, yallaɓai. Na gwaji."

"Jinin me?"

"Na mutane."

Na ciro takardar asibiti, ya karanta sau biyu, ya kira na gaba da shi, shi ma ya karanta, sannan suka ce mu tafi. Amma wata 'yar kasuwa da ke kusa da ni, wadda tun daga Gusau muke hira har ta ba ni dafaffiyar gyaɗa, ta janye jikinta ta tattare zanenta. Har muka isa Funtua ba wanda ya sake yi mini magana. Da aka tsaya salla na dawo na tarar ta koma kujerar baya.

Daga Kano na hau jirgi, muka sauka a ƙasar Holan, na yi sa'a biyar a kan kujera ina tsoron in tashi in ɓata, sannan na hau wani. A bakin shiga Ingila ina ta fargabar gwangwanin nan, ashe ba shi ne matsalar ba. Jami'in ya duba takardar izini ya buga hatimi, ko murfin bai taɓa ba. Wani kare ne ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Aka buɗe, aka ciro kilishin da maigidana ya saya mini, aka ce nama ba ya shiga. Wata mata mai safar hannu ta kwance ƙullin daddawa, ta shinshina, ta ja da baya kamar an mare ta. Na yi ta bayani cewa 'ya'yan itace ne, na miya. Ta ce ta yarda, amma ta jefa a kwandon shara. Kuka da yaji suka tsira.

An kama mini ɗaki a gidan wata tsohuwa, Misis Beti. Ita kaɗai ce a gidan sai karenta, wanda ke da tasa kujerar a falo. Ranar farko na zauna a kanta ban sani ba, ya tsaya a gabana yana kallona har ta ce, cikin ladabi, ko zan koma waccan. Tana da kirki. Da ta gane ba na son karen ya taɓa mini tufafi saboda salla, sai ta riƙa rufe shi a kicin in na sauko. Abincinta dankali ne da aka dafa da ruwa zalla, da wake kore, da kifi, ba barkono ba mai. Nakan barbaɗa yajin Inna a ɓoye. Wata rana ta kama ni, ta ce bari ta ɗanɗana. Ta lasa kaɗan, ta sha ruwa kofi biyu, hawaye na zuba, tana cewa da daɗi.

'Ya'yanta uku, duk suna garuruwan da ba su fi nisan Gusau zuwa Funtua ba, amma a wata ukun da na yi sau ɗaya suka zo, ranar Kirsimeti, kuma kafin duhu sun tafi. Na tuna Inna, wadda ko ciwon kai ta yi sai tsakar gida ta cika. Maƙwabta ma haka. Makon farko duk wanda na gamu da shi a hanya sai na gaishe shi, in tambayi iyali. Wani ya tsaya ya ce ko mun san juna ne? Daga nan na koyi sunkuyar da kai. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. In na dawo aiki sai in hau ɗaki, in zauna kusa da abin ɗumama ɗaki, ba sallama, ba kukan yara, ba kiran salla. Da agogo nake gane lokaci. Ranar Asabar kaɗai nake jin muryar gida, don maigidana yakan je ofishin wani abokinsa mai tarho ya jira. Sau da yawa layin ba ya shiga. In ya shiga, rabin maganar "kina ji na?" ce.

Wurin aikin kuwa wani dogon gini ne a bayan gari. Shugabar sashen da aka kai ni sunanta Suzan, 'yar siririya mai furfura, ita ke kula da mutum goma sha biyu da kuma ingancin duk abin da ya fita daga hannunsu. Abin da ya fara ba ni mamaki, kowa da sunansa ake kiransa. Mai shara na kiran farfesa da sunan yanka. Na yi mako biyu ina ce mata Madam, tana cewa "Suzan", har na haƙura.

Aikin yana da wuyar sha'ani. Ana yanko ɗan guntun busasshen jinin daga kati, a wanke, a yawaita abin da ake son karantawa. Sannan a haɗa gilashi biyu da aka goge har ba sawun yatsa, a zuba wani abu a tsakaninsu mai kama da agidi, sai dai garau yake kamar ruwa. A ɗiga samfurin kowane mutum a layinsa, a sa a inji. Washegari kwamfuta ta fito da tsaunuka ƙanana masu launi huɗu, kowane launi harafi ne. Haruffa huɗun nan su ne duk rubutun. A wani wuri guda, in harafi ɗaya ya sauya, shi ne sikila.

Suzan ba ta da faɗa, amma ba ta da sassauci. A kowane jeri sai an sa kwalba ɗaya mai ruwa zalla. In ruwan ya nuna rubutu, to wani abu ya gurɓata aikin, a zubar da na ranar gaba ɗaya. Lamba kuwa mutum biyu ke karanta ta, ɗaya ya faɗa da baki, ɗaya ya duba. Kowace Litinin da safe a taru da kofin shayi, kowa ya faɗi kuskuren da ya yi a makon jiya, kuma ita ke farawa da nata. Ranar farko na zaci tarko ne. A wurinmu wanda ya ce ya yi kuskure shi ke karɓar takardar tuhuma, saboda haka kowa ya iya binne nasa. A mako na uku na juya farantin da ake jera samfuri a ciki, na farko ya koma na ƙarshe. Da Litinin ta zo na faɗa. Suzan ta ce ta gode, ta tambayi yadda aka yi farantin ya yarda a sa shi a juye. Kafin azahar an ɗiga jan fenti a kusurwar kowane faranti. Shi ke nan.

Mutum ɗaya na yi Hausa da ita a ƙasar nan. Wata rana ina wanke gilashi na fasa ɗaya, na ce "Innalillahi, na shiga uku!" Sai na ji a bayana an ce, "Kai, wanene Bahaushe a nan?" Maman Adiza ce, mai goge ƙasa, 'yar zangon Kumasi ta ƙasar Gana. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, "kai" take ce mini, "ya zo" take cewa ko da Suzan take nufi. Na rungume ta da rigar aiki da komai. Sai dai ita da sassafe take aiki, tana tashi ina isowa. Minti goma muke samu a bakin ƙofa. Na riƙa fitowa da wuri saboda minti goman nan.

Azumi ya kama a tsakiyar sanyi. Gajere ne, kafin a ce me rana ta faɗi, amma ban taɓa yin mai nauyinsa ba. Nakan sha ruwa a tsaye a ɗakin ajiye riguna, dabino uku da ruwan famfo, in koma aiki.

A cikin azumin aka zo kan katunan Malam Sahabi. Wani ma'aikaci mai suna Pita, magidanci mai yawan shiru, shi ya yi aikinsu. Da sakamako ya fito, Suzan ta kira mu gaban kwamfuta. Duk arba'in ɗin suna ɗauke da rabin sikila, wato irin mutumin da shi lafiyarsa lau amma yana iya gadar wa 'ya'yansa. Wannan kaɗai abin mamaki ne. Ta gangara zuwa wuraren da ko 'yan uwa ciki ɗaya sukan bambanta. Nan ma iri ɗaya, harafi da harafi.

"Wannan mutum ɗaya ne sau arba'in," in ji ta. "Wani wuri a ɗakin nan mun gurɓata su."

Ba ta ko kalle ni ba. Kanta da mutanenta ta fara zargi. Ta tsayar da aikin sashen, aka zubar da magunguna, aka wanke komai. Ta ɗauki littafin aikin Pita tana bi layi layi, ta sa wani ya tsaya a kansa yana kallon hannunsa yayin da yake maimaitawa. Na ga Pita ya daina zuwa shan shayi.

Ni kuwa na je ma'ajiya na ciro katunan na shimfiɗa a tebur. Na ɗauko na Tsafe na ajiye a gefe. Na Tsafe duk sun sha wuya. Wani jinin ya goge don yaro ya fizge hannu, wani da ƙura, wani an rubuta da baƙin biro wani da shuɗi. Na Malam Sahabi kuwa tsaf suke, kowane ɗigo a zagaye a tsakiyar da'ira, biro ɗaya, hannu a natse. Ba wanda ya taɓa sokar yara a ƙauye ya samu haka. Kuma waɗannan katunan sun bi ta hannuna a Gusau. Na ƙirga su, ban dube su ba.

Kwana uku na yi shiru. Ina tunanin dattijon da ya rage masa shekara ɗaya ya huta. Ina tunanin abin da za a ce, an kawo 'yar Najeriya ta zo da katunan ƙarya. Ba wanda zan yi shawara da shi. Ranar Asabar na samu maigidana a waya, na buɗe baki zan fara, layin ya yanke. Da safiyar Litinin na gaya wa Maman Adiza a bakin ƙofa, a gurguje. Ta jingina tsintsiyarta ta ce, "Shi wannan Pita, yana da yara?" Na ce biyu. Ta ce, "To." Ta ɗauki jakarta ta tafi kama bas.

Ban jira taron Litinin ba. Na sami Suzan a ofis, na jera mata katunan biyu-biyu, na ce ta duba. Na ce a gwada a ga maza ne ko mata, don fiye da rabinsu sunan mata ke kai. Aka gwada. Duk namiji ne.

Ta ce, "Wa ya duba aikinsa kafin ya iso gare ki?"

Na ce ba kowa.

"Ke kin taɓa zuwa ƙauyen?"

Na ce a'a.

"Da ya zo ya ce miki ya samu biyar kacal, me za ki ce masa?"

Na hau tattara katunan. Ta tashi ta je ta sami Pita a gaban kowa ta ba shi haƙuri. Aka cire katuna arba'in daga binciken, aka ce in na koma in rubuta rahoton abin da ya faru. Ba wanda ya canza mini fuska, amma ni na kasa haɗa ido da mutane. Ranar Salla ma aiki na je. Na sa atamfata a ƙarƙashin farar riga, Misis Beti ta ce na yi kyau, ta tambaya ko ranar haihuwata ce.

Na dawo ta hanyar da na bi. A Tsafe ba wanda ya tsayar da mu. A Bungudu babban ya ruga ya faɗa jikina, ƙaramar ta ɓuya a bayan zanen Inna tana leƙe, sai da aka kwana biyu ta yarda na goya ta.

Ban so in yi wa Malam Sahabi magana a asibiti ba. Ranar Lahadi da hantsi na hau mota zuwa Mada. Na same shi a zaure yana gyaran rediyo. Ya yi murna, ya sa aka kawo fura, ya tambayi hanya da sanyi. Na ciro kati ɗaya na ajiye a kan tabarma. Ya dube shi, ya ajiye sukundireba.

"Injin ya gani ke nan," in ji shi.

"Ya gani, Baba. Jinin wa ne?"

Ya buɗe tafin hannunsa biyu. "Yatsa goma gare ni. Kwana huɗu na yi."

Ya ce sau uku yana zuwa ƙauyen a kan babur. Mutanen suka ce an taɓa zuwa an ɗebi jininsu, ba a dawo an gaya musu komai ba, ba za su sake ba. Ya roƙi mai gari, ya roƙi liman, mutum biyu suka yarda, da safe suka fasa.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na zo, ɗiyata. Ranar Talata na zo. Kina tsaye kina ƙirga na Tsafe, na ce akwai magana, kika ce, 'Baba, Juma'a dai.' Ba ki ɗago kai ba. Na ce a raina, yarinyar ga an ba ta babban aiki, jirgi na jiran ta, kada ni in zama wanda ya kasa."

Na tuna ranar. Haka aka yi.

Na gaya masa dole in rubuta rahoto, kuma zan rubuta nawa laifin tare da nasa. Ya ce in rubuta, ba zai ce a'a ba. Na ce akwai sauran magana ɗaya. Tun da jininsa ne, sakamakon nasa ne, yana da haƙƙin ya sani. Na ce yana ɗauke da rabin sikila.

Ni ban san ya binne 'ya'ya uku ba sai ranar. Duk kafin su kai shekara biyar, da kumburin hannu da ciwon ƙashi. Matarsa tana da ƙane mai ciwon, saboda haka kowa ya san inda za a nuna. Shekara talatin yana gwada mutane, yana gaya musu sai uwa da uba sun haɗu ake haifar mai sikila, amma bai taɓa ɗiga nasa jinin a gilashi ba.

Daga cikin gida muka ji muryar matarsa tana tambaya ko a ƙaro fura. Ya ɗaga murya ya ce ta isa. Sannan ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Kada ki faɗa mata. Ni zan faɗa. Shekara ashirin ina ce mata daga danginta ne kaɗai."

Ya raka ni bakin hanya, muka tsaya har mota ta zo. Da na waiwaya ta taga, bai koma gida ba, yana nan tsaye yana kallon ƙofar zaurensa.